Sauka Muka Yi, Ba Zama Ba

Shekaranjiya na bi ta unguwar Gudji, na tarar da magina suna kwaɓa ƙasa da ciyawa a bakin wani fili. Warin nan ya buge ni, na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai babur ya zage ni da Larabci. Ban ko tanka masa ba, ni da ba a zagina in yi shiru. Warin ya riga ya mayar da ni gidanmu a ƙarshen damina, lokacin da ake tara mu yara mu tattaka laka da ƙafa saboda katanga ta sake zubewa.

Kowace shekara sai ta zube. Maƙwabta duk sun yi bulo da siminti sun rufa kwano, mu kuwa muna nan da jar ƙasa. Kada ka ce talauci ne. Kakana baduku ne, yana ɗinka takalma da gafaka da kube, kuma aikinsa ba ya kwantai a kasuwa. Ƙi kawai ya yi. In mahaifina ya kawo maganar siminti, sai tsohon ya ɗago kai daga fatar da yake yanka ya ce, "Wa za ka gina wa? Mu sauka muka yi, ba zama ba."

Daga ƙasar Hausa ya taso a ƙafa, shi da kakata da jaki guda, da niyyar Makka. Da suka iso nan, garin da ake kira Fort-Lamy a wancan zamani, cikin kakata ya tsufa, sai wani Balarabe mai shanu ya ba su masauki a gefen filinsa. Aka haifi Gwaggo, yayar mahaifina. Aka ce a bari jaririya ta yi ƙwari. Kafin ta yi ƙwari guzuri ya ƙare, aka ce a bari a tara wani. Kafin a tara, ga mahaifina ya zo. Daga nan hanyar gabas ta lalace da tashin hankali, daga nan gwiwar tsohon ta fara gardama. Haka dai, haka dai, har muka zo muka same shi da furfura yana shirin tafiya.

Kuma wallahi shiri yake yi na gaske. Duk bayan ƙaramar salla sai ya fito da kayan hanya ya baza su a rana: salka, igiya, butar ƙarfe, wani bargo da asu ya gama da shi. Ya zauna ya shafa wa salkar man shanu don kada ta tsage, gidan duk ya ɗauki ƙarni. Mu kewaye shi muna tsokana, "Kaka, yaushe za mu?" Ya ce, "Baɗi, in Allah ya yarda." Bai yarda a dasa bishiya a tsakar gida ba, sai kuɓewa da yakuwa, abin da za a ci a damina ɗaya. Zafin bazara ya gasa mu ba inuwa, ina hangen mangwaron maƙwabta ina jin haushinsa har cikin raina.

Kakata ce kaɗai ta taɓa cin galabarsa. Matan ƙauyen Gawi sukan kawo tukwane talla, ta ga wata ƙatuwar randa ta ƙyasa. Ya ce abin da ba ya ɗauruwa a bayan jaki ba namu ba ne. Ta bari ya tafi masallaci ta saya, ta binne gindinta cikin yashi a lungu. Ya dawo ya gani, ya wuce abinsa. Ruwan randar nan ya sha har ya mutu, kuma ko sau ɗaya bai nuna ya san da ita ba.

Abin da ban sani ba ina yarinya, sai da Gwaggo ta gaya mini, shi ne labarin masu awon filaye. Lokacin da hukuma ta zo tana auna unguwa tana rubuta sunan kowa, kakana ya riga ya biya mai masaukinsa haƙƙin wurin da muke. Aka tambaye shi sunan da za a sa. Ya ce a sa na mai masauki. Dalilinsa kuwa, malamansa sun karantar da shi cewa wanda ya fito da niyyar hajji ya mutu a hanya, Allah zai rubuta masa hajjinsa. In ya sa sunansa a takardar fili, ya zama ɗan gari ke nan, ya sauka daga hanya. Mai masauki ya yi ta ba shi baki, ya ƙi. Ya rasu bai taɓa ƙetare garin nan ta gabas ba, kuma har yau in Gwaggo za ta ambace shi, Alhaji take cewa.

Yanzu duk sun shuɗe, kakannina da mahaifina da mai masauki da 'ya'yansa. Saura Gwaggo, ni nake riƙe da ita a gidan tun da mijina ya rasu. Bara, babban jikan mai masauki ya zo, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta. Yaron da ya ci tuwon gidanmu har ya gaji! Ya yi ta kame-kame kafin ya fito da maganar: za su raba gado, kuma a takarda gidanmu yana cikin filinsu. Na tashi da masifa, na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita maka su ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ba shi kaɗai ba ne, magada suna da yawa.

Sai na shiga nema. Na zazzage adakar Gwaggo, na buɗe gafakar kakana, na je ofishin filaye har masu gadi suka san ni. Tsohuwar takardar Faransanci tana nan, sunan mai masauki ɓaro-ɓaro. Ma'aikacin ya ce mini, "Madam, a wurinmu kakanki bai taɓa zama a garin nan ba." Wasiyyar kakana ta ajami na kai wa wani malami ya karanta mini. Ya raba wuƙaƙen dukanci, ya raba littattafai, ya ce a binne shi inda ya faɗi, mai ƙarfi ya ci gaba da tafiya. Ba maganar gida ko kalma guda. Na sa rai ko zai faɗi garinsu, in an kore mu mu san inda muke da dangi. Bai faɗa ba. Sunan ubansa kaɗai ya rubuta, sunan da rabin Hausawa ke amsawa. Na fito daga zauren malamin ina tunani, can yamma ƙasar Hausa ba mu san kowa ba, nan kuma ba mu da shaida.

Da aka zauna gaban bulama, mai unguwarmu, jikan nan ya yi abin da ban zata ba. Ya ce ya shawo kan 'yan'uwansa: kowa ya san Gwaggo ba ta ƙarya, in ta faɗa gaban jama'a cewa mahaifinta ya sayi wurin ne don ya zama gidansa ya zauna, sun janye. Kalma ɗaya fa! Na matsa kusa da ita na riƙe hannunta na ce, "Gwaggo, don Allah ki faɗa. Ai ya biya, kin sani." Ta daɗe tana murza carbinta. Sannan ta ce, "Ya biya, amma wurin sauka ya biya. Ubana bai zauna ba, a hanya ya mutu. Ba zan ƙwace masa hajjinsa saboda ɗaki ba."

Bulama ya sake tambayarta a hankali, ta maimaita. Jikan ya share ido da hannun riga. Ni kuwa na rasa wanda zan yi wa faɗa. Na so in girgiza ta, na so in tone tsohon in tambaye shi ko ya taɓa tunanin mu, mu da aka haifa a masaukin nasa, muka yi aure a ciki, muka binne namu daga ciki. Ya ɗaure mu da tafiyar da ba mu muka ɗauki niyyarta ba.

Yau mutum yakan hau jirgi da safe, la'asar ta yi masa a Jidda. 'Ya'yana Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, kuma in na ba su labarin nan dariya suke yi, suna cewa wane irin mutum ne zai ƙi sa sunansa a kan abinsa. Ba na iya kare shi, ba na kuma iya bari su zage shi.

An ba mu zuwa ƙarshen damina. Makon jiya na samu ɗaki biyu na haya a unguwar Habbena, na dawo na durƙusa gaban Gwaggo ina neman yadda zan gaya mata, ina tsoron kada zuciyarta ta buga. Ta saurare ni har na gama. Ba ta tambayi girman ɗakin ba, ba ta tambayi ko akwai famfo ba. Ta ce, "Habbenar nan, gabas take da mu ko yamma?"

Na ce, "Gabas, Gwaggo."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Mun ƙara gaba."