Wayar da Na Kulle a Akwati

Bari in faɗa da bakina tun maƙwabta ba su riga ni ba: a wannan labari ni ne wawan. Akwai wasu masu laifi, kuma zan ambace su in Allah ya ba ni iko, amma da aka zo raba hular wauta, kaina ta zauna wa daram kamar an gwada.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Lakwaya. Gidanmu gidan malamai ne. Yayyena suka riƙe allo da littattafai, ni kuwa aka fitar da ni zakka aka ba boko. Na yi firamare a Gwarzo na gama, daga nan karatu ya ce mini sai wata rana. Ban zama malamin zaure ba, ban zama ɗan boko ba, na tsaya a tsakiya kamar jemage. Amma a ƙauyenmu wannan ya isa sarauta. Duk takardar da ta shigo, katin asibiti ne ko ta rabon taki, ni ake kawo wa. In ɗora tabarau, in yi gyaran murya, in karanta abin da na gane, wanda ban gane ba in ce wannan na ofis ne, ba a bayyana shi ga kowa. Bugu da ƙari na taɓa shiga jirgin sama shekarar da na sauke farali, kuma guntun katin da aka yaga mini a ƙofar jirgi yana nan a ajiye. Saboda haka duk abin da ya shafi tashi sama, ni ne mai fatawa.

Uwargidana 'yar Durun ce ta ƙasar Kabo. Tana ƙarama iyayenta suka rasu, yayanta ne ya rene ta, shi ya yi mata kayan ɗaki, shi ya damƙa mini ita. Daga baya fataucin shanu ya kai shi Ikko, ya zauna can har furfura ta cim masa. Ita ba ta san ko alif na boko ba. Amma da 'yarmu da ke aure a Kabo ta saya mata babbar waya, irin mai shafawa, cikin mako guda ta iya danna ta yi magana ta saki. Kullum da hantsi sai in ji ta a bakin murhu: "Yaya, ina kwana? Ya ƙafar? An yi ruwa jiya, masararmu ta fara goyo." Can anjima murya ta dawo daga Ikko, ta kara a kunne tana dariya ita kaɗai. Ni ina zaune da 'yar ƙaramar wayata mai tocila, ina cewa duniya ta lalace, mata sun samu rediyon kansu.

A daminar nan ciwo ya kwantar da Yaya. Babban ɗansa, magidanci ne mai aiki a can, ya aiko da saƙon murya cewa jiki ya yi tsanani, kuma tsohon ba ya kiran sunan kowa sai na ƙanwarsa. Ya ce mota za ta daɗe a hanya, don haka ya yankar mana tikitin jirgi mu biyu daga Kano, jibi da hantsi. Ya ƙara da cewa, "Gwaggo, yanzu kamfanin nan ba sa ba da takarda. Katin shiga jirgin na turo miki a waya. Ki riƙe wayar da caji, ita za ku nuna."

Ta miƙo mini. Na ɗora tabarau. Ga sunayenmu, ga wasu lambobi, ga kuma wani ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, kamar kaza ta taka tawada ta yi rawa a wuri ɗaya. Ina ganinsa na gane shi. Wanda ya tashi a gidan malamai ba a ɓoye masa hatimi. Wannan hatimin Nasara ne, kuma hatimi kowa ya san kwafarsa ake yi daga takarda zuwa takarda, muddin ba a tsallake gida ba.

A ranar kuma, bayan la'asar, hirar majalisarmu ta ƙofar masallaci duk a kan masu ƙwacen waya ce a birni. Wannan ya ce an yanki ɗan ƙanensa a hannu, wancan ya ce a cikin adaidaita ake tare mutum da wuƙa rana tsaka. Na dawo gida da hukunci a aljihu.

Na ce, "Wayar nan ba za ta shiga Kano ba."

Ta ce, "Malam, yaron nan fa ya ce a cikinta katin yake."

"Yaron nan a gabana aka yanke masa cibi. Ke kin taɓa shiga jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na taɓa. Jirgi da takarda ake shiga. Kuma abin da ba ki sani ba, waya kwanso ce kawai. Duk abin da ke cikinta a layi yake zaune. In cire layin in sa a tawa, shi ke nan mun tafi da komai."

Ta ce, "Ko in ɗaure ta a haɓar zani, in rufa da hijabi? Wa zai gani?"

Na ce, "Su da ke jin ƙanshin waya kamar kare da nama? In aka sa miki wuƙa a wuya, wa za a ce ya yi sakaci? Ni."

Ta juya ta koma bakin murhu. Ni kuwa na ɗauka nasara ce.

Washegari ban je gona ba. Na yagi takarda daga littafin lissafin jikata, irin mai gida-gida, na samo rula da biro, na zauna a zaure. Na kwafe sunaye da lambobi da rubutuna mai kyau wanda hedimasta ya taɓa yabawa. Sannan na shiga hatimin, gida bayan gida, ina cike baƙi ina barin fari, wayar na mutuwa ina kiran uwargida ta taso ta shafa mini ita. Har azahar ina kai. Da na gama na ɗaga shi sama, wallahi ya fi nasu tsabta. Har a ƙasa na sa hannu, don takarda ba sa hannu ai marainiya ce. Na cire layin, na kashe babbar wayar, na naɗe ta a tsumma, na sa a akwatin ƙarfe, na datse da kwaɗo, makulli ya shiga aljihuna.

Ranar tafiya hanyar ƙauye ta yi laka, mai babur ya kai mu tasha a Gwarzo da ƙyar. Can kuma muka zauna jiran mota ta cika. Muka isa filin jirgi a makare, amma ba a rufe ba. Uwargida na rungume da ƙullin kuka da daddawa da ta ce Yaya ya daɗe yana marmarin miyar gida.

A teburin karɓar fasinjoji wata ma'aikaciya ce, sa'ar 'yata, ta gaishe mu da ladabi. Na ciro takardata na shimfiɗa mata kamar mai gabatar da shaida a gaban alƙali.

Ta duba. Ta sake dubawa. Ta ce, "Baba, wannan fa?"

"Katin shiga jirgi. Na mutum biyu."

"Wa ya zana?"

"Wanda ke gabanki."

Ban ga ta yi dariya ba, Allah ya saka mata, amma na ga ta ciji leɓe. Ta ce na'ura ba ta karanta zanen hannu, kuma kamfaninsu ya daina buga kati, sai a waya. Na ciro 'yar tocilata na ce to ga layin nan a ciki, ta ciro abinta. Ta ce hoto ba ya zama a layi. Sannan ta faɗi maganar da, da na ji ta, da ban zauna rubuta wannan ba. Ta ce, "Baba, lokaci na tafiya. Ku kira wanda ya yankar muku yanzu, ya sake turowa ta wayar wani a nan. Kowa zai taimaka muku."

Uwargida ta taɓa hannun rigata. "Malam, mu kira shi."

Amma ni an taɓa ni a inda ke mini ciwo. A gaban jama'a, a gaban matata, yarinya ta ce takardata ba takarda ba ce. Na ce a kira mini manaja. Na ciro guntun katina na aikin hajji na nuna wa layin mutane, na tambaye su ko jirgin da ya kai ni ƙasa mai tsarki da wannan ya fi nasu ƙanƙanta ne. Na yi huɗuba a kan talaka, da wanda ba shi da wuta a garinsu, da tsohon da idonsa ba ya ganin allon waya. Kuma har gobe ina nan a kan bakana, gaskiya na faɗa. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke cewa ba mai tashi sama sai mai babbar waya, bai taɓa kai waya caji kasuwa ya dawo ya tarar an kashe janareta ba. Sun ga sunanmu a kwamfuta, sun ga fuskokinmu, sun ga katin ɗan ƙasa, amma ɗan ɗigon tawada a takarda ya gagare su. Gaskiya ce. Sai dai gaskiyar ba ta tsayar da agogo ba.

Da na gaji na yarda in kira, sai na nemi lambar yaron a layin na rasa. Ashe lambobin ma a kwanson suke, kwanson da ke cikin akwati a Lakwaya. Shi kuma, na ji daga baya, tun safe yake ta kiran gwaggonsa ta data kamar yadda ya saba, kiran na tafiya cikin tsumma. Na kira 'yarmu a Kabo, ta nemo lambar, ta karanto mini ina rubutawa a bayan hatimina, wanda a nan ne kaɗai ya yi amfani. Na kira, yana wurin likita bai ɗauka ba. Na sake. Da ya ɗauka, wata baiwar Allah da ke kusa ta miƙo wayarta ta ce a turo nan. Hoton na shigowa, ma'aikaciyar ta duba ta girgiza kai. An rufe ƙofa.

Muna tsaye a waje muka ji ƙarar jirgin ya tashi. Uwargida ta ɗaga kai ta bi shi da ido har gajimare ya haɗiye shi.

Yaron ya ce sai jibi za a samu wani gurbin, mu koma gida mu ɗauko wayar. A mota na yi ta bayani, ita tana kallon gonaki. Da muka isa na buɗe akwati, na mayar da layi, na kunna. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara a kan kwano. Ɗaya daga ciki muryar Yaya ce, an ɗauka da safen nan, a shaƙe, da ƙyar ake ji: "Auta, an ce kina hanya. To ina nan. Ki zo mini da kuka."

Washegari kafin azahar Yaya ya cika. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, yadda addini ya ce. Tikitin jibi ya zama ba shi da aiki.

A Durun aka yi zaman makoki, a tsohon gidansu. Maza a waje, ina cikinsu, kuma duk wanda ya tambaya yaya aka yi ba mu je ba, sai in ba shi labarin kamfanin da ya haramta takarda. Mutane su ce Allah wadai, su ce zamani ne, su ce kwana ne ya ƙare, ko da kun je ba za ku ƙara masa numfashi ba. Na ji daɗin wannan magana ta ƙarshe, na riƙe ta da hannu biyu. Ba wanda na gaya wa labarin akwati.

Bayan mun dawo gida, kullum da hantsi, lokacin da suka saba gaisawa, sai in ji muryar nan daga bakin murhu: "Auta, an ce kina hanya." Ta ƙare, ta sake dannawa. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta fasa kawo mini abinci ba. Ni dai da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙullin kuka da daddawar yana nan rataye a ƙusa, ba ta kwance ba, ba ta bari a taɓa ba.

Wata safiya na kasa daurewa. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na yi gyaran murya irin wadda nake yi in zan karanta takarda. Na ce haƙuri ake yi, rai na Allah ne. Na ce mutanen jirgin nan sai Allah ya saka mana. Ta ci gaba da iza wuta. Sai na ƙara da abin da na daɗe ina tanadi, wanda a ganina shi ne ɗan alherin da ya rage a cikin lamarin.

Na ce, "Kuma ko ba komai, ki duba, ga wayarki nan a hannunki lafiya lau. Da mun shiga da ita birni, wa ya sani, da yanzu an ƙwace."

Ta ajiye itacen da ke hannunta. Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun daga filin jirgi.

Ta ce, "Ai an ƙwace, Malam. Tun a gida aka ƙwace ta. Mai ƙwacen birni, da ya tare ni, da waya kawai zai tafi, ya bar ni in je in ga ɗan'uwana."