Salamandar da Hobart Ya Riga Yayansa Gani

Shekara ashirin da bakwai Delmer Caudill ya yi yana ɗaga ruɓaɓɓun itatuwa a dazukan duwatsun Appalachia, yana neman wata salamanda mai ɗigon zinariya. 'Yar halitta ce kamar ƙadangare, ba ta da huhu, da fatarta take numfashi, in daji ya bushe sai ta mutu. Ko sau ɗaya bai yi ido huɗu da ita ba.

Ƙanensa Hobart, mai saran katako, shi ya yi kiciɓis da ita wata safiya bayan ruwan sama. Jarida ta buga hotonsa, hukuma ta hana sara a gangaren.

"Yaya, ashe rabo ba ya bin wahala," in ji Hobart yana dariya.

"Kai da ka cinye rabin dajin da zarto?" Delmer ya ce. "Ko yatsunta nawa ba ka sani ba!"

Wata uku bai taka gidan ƙanen ba. Da aka nemi mai gadin gangaren, shi ya fara miƙa sunansa. A can ya gan ta, bayan shekara guda. Da matarsa ta tambaye shi yadda take, cewa ya yi tasa ta fi ta Hobart girma nesa ba kusa ba.