Goro Bakwai a Tsibirin Jawa

Muna sallame sallar asuba muka bar gidanmu na Greensboro, ni da mai ɗakina, da akwatuna biyu da goro ƙwarya guda, wato ɗari cif. Ɗan marigayi yayana ne ya kai mu filin jirgi, kuma saboda shi ake tafiyar. Ya haɗu da wata yarinya 'yar Indonesiya a jami'a, Musulma mai natsuwa, suka daidaita. Mahaifinta ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga fuskar da ke cikin waya, sai dai babba daga dangin yaro ya tako har gidansa. Yaron kuwa takardunsa ba su fito ba, in ya bar Amurka ba lallai ya dawo ba. Ni ne baffansa, ni na rage. Da ƙyar aka ba ni hutun kwana goma a ma'ajiyar kayan da nake aiki a titin Wendover.

Madam, wato mai ɗakina, ta ce mu tafi da dabino da turare ya isa. Na ce haba, ɗan Maraɗi ya je neman aure babu goro? Da wane baki zan fara magana?

Bayan jirgi uku da zaman da ya kumbura mini ƙafa, muka sauka Jakarta. Yayar yarinyar ce ta tarye mu, malamar makaranta mai jin Turanci, ita ce bakinmu da kunnenmu har ƙarshe. Ta ce ƙauyensu yana tsakiyar tsibirin Jawa, a kan dutse, gobe da yamma muna gida. Sai da muka yi kwana uku.

Ranar farko jirgin ƙasa ne, wuni guda. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakalar bene, ruwa kwance a kowace, manoma da huluna masu faɗi irin malfa, wani na huɗa da ɓauna cikin taɓo. Muka sayi shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba da ƙwai da wani abu mai kama da awara, kuɗinta bai kai na kofi guda a gidan mai na Wendover ba. Yajinsu kuwa, Allah Ya isa. Madam na ta ɗaukar hoto, ni hankalina yana kan goro. Duk tashar da aka tsaya sai na kwance ledar, na yayyafa masa ruwa, na ɗaure tam. Haka na ga mahaifina yana yi duk rayuwarsa, don goro in ya bushe ya tashi daga aiki.

Rana ta biyu muka shiga ƙaramar bas wadda ba ta tashi sai ta cika, kamar dai a gida. Ta tsaya wa mai kaji, ta tsaya wa mai buhun rogo, ta tsaya direba ya gaisa da surukarsa. Da azahar ta tsaya a wani masallaci, muka yi salla, liman ya riƙe hannuna yana ta murmushi, ba mai jin wani. Ni kuwa kwanakin hutuna nake dubawa suna zubewa. Da la'asar sama ta buɗe, ƙasa ta zabtaro daga dutse ta toshe hanya, dole muka kwana a wani ƙaramin gari.

Da safe na kwance ledar, wani wari ya doke ni. Goron nan ya yi fumfuna fari fat, wasu sun yi laushi kamar dafaffen dankali. Inna lillahi!

Madam ta leƙa ta ce, "Malam, tawul ɗin da na shanya tun jiya bai bushe ba. Nan iskar ma ruwa ce, kai kuma kwana biyu kana yi wa goro wanka."

Gaskiya ta faɗa. Muka zauna muka tsince, muka samu bakwai masu lafiya. Na tambayi malamar ko ana sayar da goro a kasuwarsu, na nuna mata ɗaya, ta juya shi ta ce ba ta taɓa gani ba. Wallahi na ji kamar in koma. Maraya ya dogara da ni, na zo da hannuna na lalata masa abin da za a buɗe magana da shi.

Sauran hanyar a kan kabu-kabu, wato babur na haya, muka yi ta. Ku dubi dattijo da babbar riga, rungume da ƙugun wani bawan Allah, ana hawa dutse, rami a dama, gonar kofi a hagu. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta.

Gidan na katako ne, an shanya kanumfari a tabarmi a ƙofa, ƙamshinsa ya cika ko'ina. Mahaifin ɗan siriri ne, magana ƙasa-ƙasa. Aka kawo shayi na kai hannu, malamar ta yi mini ido, ashe sai mai gida ya ce bismilla ake taɓawa. Na gabatar da abin da ya kawo mu, na zuba goro bakwai a faranti, na faɗi gaskiya: ɗari na ɗauko, rashin sanin ƙasarku ya cinye sauran. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, ya nemi ruwa. Sai kakar yarinyar, wadda bakinta ya yi ja da wani ganye da suke taunawa, ta ɗauki nata ta tauna, ta gyaɗa kai, ta soke biyu a zanenta.

Tambaya ɗaya ya yi, malamar ta fassara: "In ran 'yata ya ɓaci a can, ina za ta?"

Kafin in haɗa magana Madam ta ce, "Gidana. Ɗakin 'yata da ta yi aure yana nan, mabuɗin zan ba ta."

Sai kawai ya shiga zancen damina. Muka kwana, muka wuni, an ciyar da mu har mun gaji, amma babu e babu a'a. Na matsa wa malamar, ta ce, "Baba ya ji." A wajenmu irin wannan shirun ƙi ne cikin mutunci. Da za mu tafi ya miƙo wani ƙunshi cikin takarda ya ce a kai wa 'yarsa.

Komowar ta fi tafiyar nauyi. Yaron ya yi ta kira, na kasa ɗauka, sai dai in rubuta masa "sai mun zo". Gonakin da suka burge ni ko kallonsu ban yi ba.

Yaron da yarinyar muka tarar a filin jirgin Greensboro. A wajen ajiye motoci na fara, "Ɗana, sai haƙuri," Madam kuma ta miƙa wa yarinyar saƙonta. Ta kwance. Zannuwa biyu ne na batik, atamfar ƙasarsu, ruwan ƙasa, zane iri ɗaya. Ta durƙushe a gefen mota ta fashe da kuka. Da ta samu numfashi ta ce irin wanda ango da amarya ke ɗaurawa ranar aure ne, ɗaya nata ɗaya nasa.

Ashe amsar tana cikin akwatina tun daga kan dutse, ina ta damuwa a banza. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: na je ƙasar mutane da ruwan Maraɗi da kunnen Maraɗi, duka biyun suka ba ni kunya. Da na tambaya, da na huta.

Yaron ya dube ni, ya dubi zannuwan, ya ce, "Baba, ban gane ba. Sun yarda?"

Na ce, "Ni ka ga na iya yarensu? Tambayi matarka."