Ƙusar Motar Baba

Ranar da soja suka sake karɓe mulki, Baba ya ja tsohuwar motarsa ya shigar da ita rumfar gidanmu a Fagge, ya rantse ba zai ƙara tuƙa ta ba sai farar hula sun dawo. Ya ɗauka abin na wata biyu ne. Har na yi aure na haihu tana nan, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

Da aka sa ranar miƙa mulki, ya ce da kansa zai tuƙa ta har shataletalen Bata ya dawo. Muka ɗauko wani makaniki Inyamuri daga Sabon Gari. Inji ya tashi, amma ƙafar gaba ta ƙi juyawa. Ƙusar da ƙafar ke juyawa a kanta ta yi tsatsa ta kafe a cikin ƙarfen, kamar ita ma mulkin aka ba ta. Makaniki ya ce sai wuta da guduma. Baba ya ce ba a dukan dattijuwa a gabansa, a jiƙa ta da mai kawai.

Aka yi ta jiƙo, ƙusa ko gezau. Sai makanikin nan, Kirista, ya haddace lokutan salla fiye da mu 'yan gidan. Baba na fita masallaci sai ya gasa ƙarfen da wuta ya hau duka, ana sallamewa ya ɓoye guduma ya koma ɗiga mai kamar mai ba jariri magani. Masallacin kuwa a bayan katangarmu yake, har liman ya riƙa ɗaga murya. Baba bai taɓa cewa ya ji komai ba.

Ana gobe rantsarwa, a raka'a ta uku ta la'asar, ƙusa ta faɗo. Baba ya dawo yana cewa ai daman ya gaya mana mai ya isa.

Washegari ya sa babbar riga ya zauna a gaban sitiyari. Ya daɗe yana kallon gaba, sannan ya tambaye ni ko an buɗe ƙofar rumfar. A buɗe take tun safe; sai a nan na gane idanunsa sun tafi. Dariyar da nake yi ta tsaya, tausayinsa ya kama ni.

Ya matsa gefe, ya miƙo mini makulli.

"Ja mu je," in ji shi. "Ka riƙa gaya mini inda muke."