Abin da Taitus Ya Ci

Ƙanina, autan gidanmu, bai iya iyo ba. Kogin Kaduna ma bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba, saboda Umma ta hana, kuma shi ɗin dama ba wani jarumi ba ne. Amma da ya tashi zaɓen abin da zai karanta, sai ya zaɓi kifi. Ya gama a Zariya, ya samu tallafi ya wuce Afirka ta Kudu. Daga can ne wata rana ya bugo waya yana mana albishir, wai zai shiga jirgin ruwa na masu bincike, za su gangara can ƙasan duniya inda teku ke daskarewa, kuma za su yi watanni. Ni ce babbar yayarsa, don haka ni ya ɗora wa aikin lallashin Umma.

Ba ta jira lallashina ba, ta fizge wayar.

"Auta, kifin duniya ne ya ƙare, sai ka je gidan ƙanƙara?"

Ya yi dariya, ya shiga bayani. Akwai wata halitta a teku da ake kira sikwid, in ji shi, mai hannuwa goma, ba ƙashi a jikinta sai wani baki mai tauri irin na aku. Tana da gudu da wayo, raga ba ta cika kama ta ba, shi ya sa har yau ba a gama sanin inda kowane irinta yake zaune ba. Amma manyan kifaye suna cin ta, kuma bakin nan ba ya saurin narkewa a cikinsu. Aikinsa shi ne ya farke cikin kifi, ya tsince bakunan, daga nan a gane wace iri ce ke zaune a wane ruwa.

"Cikin kifi ba ya ƙarya, Umma. Duk abin da ke cikin teku, a nan ake ganin sa."

"Wato duk shekarun nan da ka yi a makaranta, gyaran kifi ka koyo," in ji Umma. "Da ka faɗa min tun farko, ai da na koya maka a tsakar gida."

Ta yi masa addu'a dai, ya tafi. Daga ranar muka daina jin muryarsa. Sai dai jefi-jefi saƙo ya shigo wayata, kuma kullum maganar ɗaya ce: lafiya lau, sanyi ne kawai. In taso daga Badarawa in zo Hayin Banki in karanta mata, ta taɓe baki. Yaron da zazzaɓi ke jijjiga shi yana ce mata lafiya lau, shi za ta yarda da shi yanzu? Rubutu ai ba ya ramewa, in ji ta, jikinsa take so ta gani. Barci ya ƙaurace mata, hawan jininta ya tashi, ni kuma na fara jin tsoro da gaske.

Wata Juma'a na zo na tarar da ita a tsakar gida da roba a gabanta, ta sa tabarau, tana farke cikin kifin taitus. Sai da na sake dubawa. Umma ce fa, wadda tun muna yara take kiran kifin ƙanƙara gawar da ba a san ranar mutuwarta ba. In ba tarwaɗa ba ce mai motsi, ba ta shiga tukunyarta. Ashe kasuwar Kawo ta je da kanta, ta tambayi mai kifi wanne ne ya fito daga ruwan ƙanƙara. Mutumin nan zai iya rantsewa kifinsa daga sama ya faɗo in hakan zai sa a saya, amma a ranar bai ma yi ƙarya ba. Ya nuna mata kwalin taitus, ga hoton dutse lulluɓe da ƙanƙara a jiki.

Ta baje kayan cikin a faranti, ta taɓa kitsen da yatsa, ta matse tumbin, wasu 'yan jajayen abubuwa suka fito.

"Alhamdu lillahi, suna ci," in ji ta.

"Su wa, Umma?"

"Shi da su mana. Ruwan da ya ƙosar da wannan ba zai bar ɗana da yunwa ba."

A ranar ta ci abinci har da ƙari, ta kuma yi barcin rana.

Ni dai ba malamar kifi ba ce, ɗinki nake yi, amma ina da waya kuma na iya karanta kwali. Kafin in koma gida na riga na gano cewa taitus ɗin nan daga can ƙuryar arewa yake, sama da ƙasashen Turai, Auta kuwa yana ƙarshen kudu. Duniya ce sukutum a tsakaninsu, har da mu da Kawo a tsakiya. Na yi shiru da bakina. Hawan jinin Umma ya sauka, ni kuma duk Juma'a ina samun soyayyen kifi da yaji, ban ga dalilin da zai sa in ɓata wa kowa rai da taswira ba.

Abin ya zama ƙa'ida. Duk Juma'a a sayo kifi, a jira ya saki, a sa tabarau, a yanke hukunci. Maƙwabta har sukan leƙo su tambayi yadda Auta yake, ta ce musu a makon nan ya samu maiƙo sosai. Sai wani mako aka yi rashin sa'a, kifin ya zo a rame, cikinsa fayau. Umma ba ta ci komai ba ranar. Ta sa aka soya waina aka raba wa yaran layi, ta aika wa malamin Islamiyyarsu a sa Auta a addu'a, sannan ta bugo min waya tana tambaya ko jirgin ruwa yana da wurin tsayawa a sayi abinci.

Daga wannan makon na karɓi ragamar ciyar da jirgin. Duk Alhamis sai in biya ta Kawo in ja mai kifi gefe.

"Gobe in Hajiya ta zo, mafi ƙiba za ka ba ta. In ka sake ba ta ramamme, ni da kai ne."

"Ki kwantar da hankalinki, Anti. Ɗanta ba zai ƙara ramewa a hannuna ba."

Bai kuwa ƙara ba, har jirgin ya dawo.

Auta ya iso Kaduna da gemu buzu-buzu da leɓe a tsattsage, ga surutu kamar rediyon mai shayi. Umma ta zagaya shi, ta lallatsa damtsensa, ta ce ya ɗan faɗa, amma dama ta san makon da abin ya faru. Ta soya taitus cike da faranti ta dire masa.

"Ga maƙwabcinka, ku gaisa."

To, ƙanina yaron kirki ne, amma ilimi a wurinsa kamar fitsari yake, ba ya iya riƙe shi. Ya ɗaga kifin ta wutsiya ya yi dariya, ya ce ai babu irin wannan a can ko ɗaya. Akwai wata iyaka a tekun kudu, in ji shi, inda ruwa ke yin sanyi farat ɗaya, kuma yawancin kifin wannan gefe ba sa tsallaka ta. Na can ciki jininsu na da wani sinadari da ke hana shi daskarewa, wasu ma jinin nasu fari ne kamar ruwa. Sikwid ɗin ma kowane iri da layin da yake bi. Arewa da nata kifayen, kudu da nata, ruwan ɗumin da ke tsakiya ya raba su. Taitus ɗan arewa ne, yanzu ma ƙara matsawa sama yake yi saboda ruwa na ɗumama.

Na taka masa ƙafa da duk ƙarfina.

"Yaya, ƙafata ce fa," in ji shi, ya ci gaba.

Umma ta bari sai da ya kai aya.

"Wato wannan bai taɓa ganin ka ba."

"Ko kusa, Umma."

Ta juyo ta dube ni. "Ke kin sani?"

Na ce na sani. Na so a ce ta zage ni, don zagin Umma abu ne da na saba da shi. Sai kawai ta cire tabarau ta ninke, ta tashi ta shige ɗaki. Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushin boko kamar ranar ba.

Na ja shi zaure na wanke shi tas, sannan na ba shi labarin Juma'o'in nan, da wainar sadaka, da yarjejeniyata da mai kifi. Can ya ce min akwai lokacin da igiyar ruwa ta yi ta wujijjiga su, ko shayi ba ya zama a cikinsa, har ya fara tunanin ba zai dawo ba. Na ce me ya rubuto mana a lokacin? Ya ce lafiya lau, sanyi ne kawai.

Umma ta koma wa tarwaɗarta. Ba ta sake ambaton taitus ba, mu ma ba mu tayar da maganar ba.

Da shekara ta zagayo, Auta ya sake bugowa daga Afirka ta Kudu, za su sake fita. Ni ya riga ya gaya min kudun za su koma, ya roƙe ni in rufa masa asiri. Na miƙa wa Umma wayar, ina jin sa ya yi gyaran murya.

"Wannan karon arewa za mu, Umma. Ruwan taitus ɗinki."

"To, Allah ya tsare," in ji ta.

Juma'ar da ta biyo baya na same ta a tsakar gida, ga roba, ga tabarau, ga kifi yana saki. Na zauna kusa da ita na gyara fuska irin ta masu gaskiya.

"Kin ga yanzu kam maƙwabcinsa ne na gaske."

"Kudu ya koma," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tun yana ƙarami in zai yi ƙarya sai ya yi gyaran murya. Ke ma ba ki iya ba, kin gyara zama da yawa."

"To Umma, in kin sani, me ya sa kuma..."

"Da me kike so in duba shi? Miƙo min wuƙar nan."

Na miƙa mata. Ta farke cikin, ta baje a faranti, ta daɗe tana dubawa. Kitse ne dam, don jiya Alhamis na riga na biya ta Kawo.

"Yana ci," in ji Umma.