Ranar da Inna ta ƙi sauka a Kano

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na raka mahaifiyata Kano ba, tun Turawa na nan. A unguwar Sarkin Dawaki muke a Jalingo, amma Inna Bakanuwa ce. Aure ya kawo ta, kuma tun zuwanta sau ɗaya ta taɓa komawa gida, ina goye a bayanta. Hanyar ce ba ta wasa ba: a ƙetare Binuwai a Lau, a yi ta jiran mota, a yi ta kwanan tasha har Jos, sannan a kama jirgin ƙasa. Da damina mutum sai ya haura mako.

Ana nan sai aka bugo waya cewa 'yar ƙanwarta ta haifi mace, kuma sunan Inna za a sa wa jaririyar. Maimakon murna sai ta fashe da kuka, don ta san kafin ta isa an manta da ɗanɗanon ragon suna. Yayana, mai fataucin fata, shi ya ce akwai jirgin sama da ke tashi daga Yola, kuma ya ɗauki nauyinmu.

Inna fa shirin da ta sani shi ta yi. Ta bi gida-gida neman gafara, ta ƙulle dambun nama da ƙuli-ƙuli, har da bargo saboda sanyin Jos. Maƙwabciyarmu Bafulatana ta riƙe baki ta ce da irin Hausarta, "Inna, kai ne za ka hau sama? Allah hokku jam!" Wato Allah ya ba da lafiya.

Motar Yola ta gwada mana halinta, sai da muka kwana a taɓo, maza na turi. Da muka shiga jirgin kuwa Inna ta lulluɓa, ta runtse ido, ta ce, "In an zo Jos ki tashe ni." Ni kaina daurewa kawai nake. Kafin la'asar sai ga mu a ƙasa, ana cewa an iso Kano.

Kowa ya fita, Inna ta ce allambaran. "Ni za a yi wa wayo? Ba mu ga Binuwai ba, ba mu ga Jos ba, ko ƙullina ban kwance ba!" Na yi lallashi har kunya ta kama ni. Can wani dattijo mai shara ya leƙo ya ce, "Haba baiwar Allah, sakko mana, ai kin zo gida."

Ta yaye bargon. Shekara da shekaru ba ta ji Kananci haka ba. "Ɗan wace unguwa ne kai?" Ya faɗa mata. Ashe bayan tasu ce. Ta miƙe tana dariya tana hawaye.

Mun tarar da ƙanwarta tana tuƙa tuwo. Ta yar da muciya ta kurma ihu, don ita sanarwa kawai ta aika, ba ta sa ran zuwa ba. Washegari da safe aka raɗa suna, takwara na kan cinyar Inna. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba.

Tun daga nan na daina cewa gari ya yi nisa in dai ɗan'uwana na cikinsa. In hanya ɗaya ta yi tsawo, sai in tambaya ko akwai wata.