Ranar da Duwatsun Tabki Suka Fashe

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunan jikokina, ba na jin zan manta ranar da muka sa wuta a sabon ramin bandarmu.

Shekarar nan tabki ya yi albarkar kifi, murhuna ya kasa. Sai mai gidana ya haƙa mini rami a bayan ɗaki, kusa da rumbu, ya kewaye bakinsa da duwatsun da ya tsamo cikin ruwa, har da gansakukarsu.

"Kin ga gini," in ji shi. "Ko maginan Maraɗi sai haka."

Na ce, "Sannu, Sarkin Magina. Allah ya sa kifin ya yaba."

Da hantsi na hura wuta, na jera tarwaɗa bisa waya. Duwatsun suka fara tsiii suna fitar da kumfa, muka zaci bushewa suke. Ashe ruwan da suka sha ne ke tafasa a cikinsu, ya rasa hanyar fita.

Sai na ji fau! kamar bindiga. Ɓallin dutse ya wuce ta gefen kunnena da zafinsa, garwashi ya watsu sama, wani ya sauka bisa jinkar rumbu. Geron shekararmu duka yana ciki. Ina ganin hayaƙi siriri na tashi cikin ciyawar, sai na kwarma ihu: "Innalillahi! Jama'a, rumbu!"

Maƙwabta suka tsallako danga da bidon, wato jarkokin ruwa, amma wa zai matsa? Dutse na biyu ya fashe, kowa ya duƙa. Wuta kuwa ta kama sosai, ina jin ƙarar cinta.

Surukata ta fito da sandarta tana ɗaga murya: "Ku bar ruwan nan! Ku ture jinkar ƙasa!"

Mai gida ya ɗauki gorar tuƙa jirginsa, ya bi ta gefen ramin yana kare fuska da hannu. Na rufe ido, don na tabbata dutse na gaba kansa zai samu. Ya tokari jinkar, ta ƙi. Ya sake da ƙarfi, ta sulalo ta faɗi ƙasa tana ci, mutane suka rufe ta da yashi.

Ya leƙa cikin rumbu, ya tura hannu ya taɓa geron. Can ya ce, "Yana nan." Sai a lokacin na zauna daɓas na fashe da kuka.

Ramin da nake banda a kai yau da laka muka gina shi, can ƙarshen gida, ba na kuma hura shi sai randa na cike a gefe. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka kunna wuta, ɗaga kai ka dubi abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, ka nisanta su da juna.